Cibiyar Murhun Gas Ɗinmu

Ko da ƙwaƙwalwata za ta huje kamar rariya, ranar da na ceci murhun gas ɗin gidanmu ba za ta zube ba. A shekarar da aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashi ne, Kaduna kowa ya hau sayayya. Baba ya shigo mana gida a Badarawa da wani murhu fari sol mai kai huɗu. Na fi kowa murna, don ni ce mai hura wuta. Ban wuce sha huɗu ba a lokacin, amma hayaƙin ɗanyen icen Rigachikun ya mai da idanuna na tsohuwa tukuf.

Babban kan, wanda ake ɗora tukunyar tuwo, yana da wani ɗan ƙarfe zagayayye a tsakiya. Mai kanti ya gaya wa Baba shi ke taɓa gindin tukunya ya ji zafinta, in zafin ya yi yawa ya rage wutar da kansa. Ni dai cibiya na raɗa masa. Da Mama ta ba da baya sai in danna shi da yatsa, ya nutse, ya taso. Ranƙwashin da na sha a kan cibiyar nan ya isa ya fasa kwakwa.

Ba a daɗe ba babban kan ya fara tsiya. A kunna, wuta ta tashi shuɗiya gwanin sha'awa, kafin ruwa ya yi ɗumi ta ƙanƙance ta koma kamar aci-balbal. Tuwo ya ƙi nuna. Baba ya canza tukunyar gas, a banza. Mai kanti ya ce sai an aiko da kayan gyara daga Ikko, bai kuma san yaushe ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, dama ba ta ƙaunar murhun. Ta ce, "Ai na faɗa muku, wannan kayan ado ne, ba na girki ba."

Baba ya ture kwanon ɗanyen tuwo ya ce, "Jibi Asabar zan mayar musu da kayansu. A koma ice."

Babu wanda ya ambace ni, amma na san wa za ta durƙusa tana busa.

Washegari da Baba ya tafi masallacin Juma'a, na zauna gaban murhun muna kallon juna. Ƙananan kawunan uku lafiya lau suke ci, ke nan gas ba shi da laifi. Abin da babban yake da shi wanda ba su da shi, cibiya ce kawai. Na rufe gas daga tukunyarsa, na danna cibiyar. Ko motsi. Ta nutse ta ƙame a ƙasa. Na karyo tsinken tsintsiya na kankari gefenta, sai ga toka. Toka kuma, a murhun da bai taɓa ganin ice ba?

Nan na gano zancen. Kaka ba ta yarda a ɗora tukunya sai ta kwaɓa toka ta shafe gindinta, yadda ake yi a murhun ice don kada baƙi ya kama. Tokar ta bushe ta zubo, talge ya tafaso ya bi ta, suka zama siminti. Tunda cibiya ba ta kaiwa ga tukunya, harshen wuta kaɗai ke gasa ta, sai ta ɗauka abinci zai ƙone, ta shaƙe wutar.

Mama ta shigo ta same ni kaina a cikin murhu. "Ke, gidan kike so ki tayar mana?"

"Na rufe gas, Mama. Ruwan ɗumi kawai nake so."

"In kika ƙarasa shi, ke da Babanki." Amma ta miƙo ruwan, ta kuma tsaya a kaina.

Na jiƙa, na goge da tsohon asawaki, na sake jiƙawa. Can sai cibiya ta yi ɗas ta taso. Na bar ta ta bushe, na wanke gindin tukunya tas, Mama ta kunna. Wuta ta tashi ta tsaya ƙyam. Ruwa na ɓararraka Baba ya yi sallama. Rawar da na taka a tsakar gida, har kajin maƙwabta sai da suka watse.

Kaka ta leƙo ta ce, "Ja'ira, tokata kika wanke?"

"Kaka, tokarki ce ta kama shi da kokawa."

"Tun kafin a haifi ubanki nake shafa toka, ba murhun da ya taɓa kai ƙarata sai wannan ɗan boko."

Baba ya kau da kai yana danne dariya, sannan ya ce murhu ya zauna, ni kuma daga ranar an halatta mini danna cibiya.

Abin da na koya shi ne, in sabon abu ya ƙi aiki, kada a yi saurin cewa ya lalace. A fara duba tsohon halin da muka ɗora masa a kai.