Motar da Ke da Gado a Cikinta

Ko da zan manta komai na shekarar farko ta aurena, ba zan manta da daminar da wata mota mai gado a cikinta ta sauka a ƙauyenmu ba.

A lokacin na yi yaji. Na baro mijina a Danchadi na dawo gidan Inna, can wajen Kajiji. Bai zage ni ba, bai hana ni komai ba. Laifinsa ɗaya, ba ya magana. Ni kuwa na tashi da littattafan soyayya da nake haya a kasuwar Bodinga, inda saurayi ke kiran budurwa hasken idonsa. Nawa mijin in ya dawo daga gona sai ya ce, "Sannu da gida," shi ke nan. Na rantse ko ya zo biko ba zan koma ba.

"Mi ya yi miki?" Inna ta tambaye ni.

"Ba ya hwaɗa min komi."

"To, rediyo kinka aura?"

Ana cikin haka motar ta iso, doguwa, tayoyinta sun kusa kai mini ƙugu, ga jarkoki da shebur ɗaure a jikinta. Wani tsohon Bature da matarsa suka fito. Mai gari ya sa aka share musu ɗaki, suka yi godiya suka ce a mota za su kwana. Tsofaffin mata suka dinga tausaya musu. Inna ta ce, "Allah sarki, ga tsuhwa ga rashin gida. Suna yawo da ɗaki a baya kamar kunkuru." Ta zuba tuwo ta ce in kai musu sadaka.

Ni kam ba tausayi na ji ba, sha'awa ce ta kama ni. Na leƙa ciki na ga gado, ga ɗan murhu, ga labule mai furanni. Na ce a raina, yau ga soyayyar littafi ta zo har ƙofar gida: mutum biyu sun bar duniya sun zaɓi juna. Na samu wuri na zauna ina jiran in ga yadda masoyan gaske suke hira. Har la'asar ta yi, tsohon bai ce uffan ba. Yana can yana duba taya, ita tana tsinke alayyahu.

Ashe matar tana jin Hausa kaɗan, ta yi aikin jinya a Arewa tun tana budurwa. Ta ga lallen hannuna ta ce, "Amarya, ina miji?" Na gaya mata damuwata. Ta yi dariya har da hawaye, ta nuna nata mijin da wuƙar hannunta.

"Wannan ma bebe ne. Tun daga teku har nan, magana bai cika kwano ba."

"To me ya zaunar da ke?"

"Gobe ki zo rafi," in ji ta.

Washegari da hantsi suka kama hanyar Shagari, ni da matan gari muka bi su har bakin rafi. An yi ruwa, rafin da ke bayan gari ya cika ya yi ja, ba a ganin ƙasansa. Matar ce a kan sitiyari. Tsohon ya sauka, ya naɗe wando, ya ɗauki sanda ya shiga ruwan a ƙafa, yana dogarawa yana laluben rami. Ruwa ya kai masa cinya, ya yi tangaɗi, mata suka yi salati. Matar ta leƙo ta taga ta ce mini, "Kowane rafi haka yake yi. Inda ya taka, nan nake bi." Sai da ya haye ya ɗaga hannu, sannan ta tuƙo a hankali.

Da na sake duba gaba, sai ga mijina tsaye a ƙetare da babur, rigarsa jiƙe har ƙirji, ashe ya riga ya shiga ya gwada zurfin ruwan. Biko ya zo. Ya ratso ruwan ya tsaya a gabana, ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana neman abin faɗi. Can ya ce, "Ki bi ta dama, hagu akwai rami."

Na so in yi fushi, don ba irin kalaman da na yi ta jira ba ke nan. Sai na kalli ƙafarsa, ƙaya ta yanke shi, jini na bin ruwa, shi bai ma lura ba. Na koma gida na ɗaure kayana. Inna ta cusa mini daddawa a ƙullin.

Har yau ina karanta littattafaina, kuma har yau bai kira ni hasken idonsa ba. Wani lokacin abin yana ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba. Amma ranar nan ta koya mini cewa kafin mace ta auna namiji da zaƙin bakinsa, ta fara duba wanda ke shiga ruwa kafin ita.