A-kori-kurar da Muka Dandaƙe

Na fi shekara ashirin ina dillancin shanu a kara, wato kasuwar shanu ta Gusau, amma ban taɓa haɗuwa da dabbar da ta wahalar da ni kamar motar mijin ƙanwata ba. Abin ya faru ne shekara uku ko huɗu kafin a ba mu mulkin kai, kuma har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Shi mijin ƙanwar tawa direba ne a wurin wani Bature mai sayen gyaɗa da auduga. Baturen yana da wata jar a-kori-kura da ya zo da ita daga ƙasarsu, inda aka ce a can tseren gudu yake yi da ita. Ba da wata mota yake tseren ba fa, da agogo! Ya sami fili miƙaƙƙe, ya taka ta iya ƙarfinta, wani ya tsaya da agogo ya faɗa masa yadda ya yi. A Gusau ma duk Lahadi sai su tafi wani fako a bayan gari, shi yana gudu, surukina yana riƙe da agogo. Da Baturen ya tashi komawa gida, maimakon ya sallami yaronsa da abin kirki, sai ya miƙa masa makullin motar. Kyautar ɗan kunama ke nan.

Aiki ya ƙare, dole suka tattara suka koma gonar gado a Bungudu. Gona babba, hannu ɗaya, ɗiya biyar ƙanana. In ba a sami shanun huɗa biyu da garma kafin ruwa ya sauka ba, to shekarar ta wuce su, sai dai ƙanwata ta riƙa aiko mini da kwano. Ba su da abin sayarwa sai motar. Ƙanwata ta zo har gida ta durƙusa.

"Yaya, kai ne ka san ciniki. Ka raba mu da wagga mota tun kafin ta raba mu da abinci."

Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne, wanda ya sayar da sa mai tunkuyi me zai gagare shi? Sai da na je Bungudu na gan ta bakina ya mutu. Kujera ɗaya tak, ta direba. Bayanta, inda ya kamata a loda kaya, an cire katakon ƙasa duka wai don ta yi sauƙi, kana leƙawa kana ganin ƙasa. Cikinta kusan yana jan turɓaya. Ba ta da salansa, da surukina ya tashe ta akuyoyin unguwa suka tsinke igiya. Shi kuwa yana tsaye yana shafa ta da gefen rigarsa, yana washe baki.

A sana'armu akwai ƙa'ida, kuma addini ne ya kawo ta: mai dabba dole ya faɗi aibinta kafin a sallama. In tana harbi ka faɗa, in tana tari ka faɗa. Ba na wasa da wannan, shi ya sa ake yarda da ni. To a nan surukina ya sami wurin ɓuya.

Mai saye na farko wani ɗan kasuwa ne da na kawo daga Gusau. Ya zagaya ta, ya ce zai sa kafinta ya shimfiɗa katako a baya. Ya taya, na ce albarka, ya ƙara, har mun kusa. Sai gogan naka ya yi gyaran murya.

"Alhaji, tsakani da Allah, sai na faɗa maka aibinta. Wagga mota ba ta san tafiya sannu ba. In ka lallaɓa ta sai ta mutu, in ka taka ta sai ta tashi. Man da babbar mota ke sha zuwa Funtuwa, ita shi take kurkure baki da shi. Kuma birkinta sai ka fara roƙonsa tun daga nesa."

Alhaji ya gyara hularsa, ya ce zai yi shawara. Yau shekara nawa, bai gama shawarar ba.

Na biyu daga Kwatarkwashi ya zo, shi kuma aka ƙara masa da cewa ta taɓa tashi sama a kan tudu, ƙafafunta huɗu duka a iska. Na uku ko taya bai yi ba, don tun daga gaisuwa aka fara karanta masa. Abin da ya fi ƙona mini rai, yana faɗin aibin ne idonsa na ƙyalli, kamar uban da ke cewa ɗansa ya faye ƙarfi a dambe. Ni na bar kara, na bar la'adata, ina ta jeka-ka-dawo tsakanin Gusau da Bungudu a kan keke cikin zafin bazara, shi kuma yana kore mini mutane da wa'azi.

Ranar da hadari ya fara haɗuwa a gabas, na same shi a gindin durumi yana wanke ta da ruwan da ƙanwata ta ɗebo. Raina ya gama ɓaci.

"Malam, mi kake nufi da ni ne? In ba ka sayarwa ka faɗa mini in huta!"

"Haba Yaya, ƙarya na yi? Kai da kanka kake cewa a faɗi aibi."

"A faɗa, ba a yi mata kirari ba! Dubi gabas. Ɗiyanka ƙarfe za su ci?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a hankali, duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma in ya ɓoye ta kashe wani, shi Allah zai tambaya. Wannan kam ban iya musa masa ba, kuma rashin iya musun ya ƙara mini haushi. Na zauna a kan turmi ina huci. Ni dai abin da na sani shanu ne, don haka na ce masa bijimin da ya fi ƙarfin garma ba kirari ake yi masa ba, dandaƙe shi ake yi, ya huce, ya ja kaya kamar kowa. Ita wannan ba a dandaƙe ta?

Wallahi cikin fushi na faɗa, ban zaci yana yiwuwa ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce ana yi.

Kwana shida ya yi a ƙarƙashinta, bai yarda wani makaniki ya taɓa ta ba. Ya cire manyan kafireto guda biyu, abin da ke shayar da inji mai, ya sa ƙarami ɗaya na wata matacciyar mota da na samo masa a tashar Gusau. Ya ɗaura salansa, ya ɗaga cikinta, ya gyara birki, kafinta ya shimfiɗa katako ya kafa benci. Ƙanwata ta ce duk kwanakin nan ko rabin tuwonsa ba ya ci. Ni ban tausaya masa ba a lokacin, idona yana kan hadari.

Na sami wani mai fataucin hatsi a Tsafe, muka ɗauki hanya da safe mu kai masa ita, surukina yana tuƙi, ni a kan sabon benci. Tafiya lafiya lau, ba ƙara, ba fizga. Bayan mun wuce Gusau wata tsohuwar babbar mota cike da buhuna ta yi mana ham, ya kauce mata, ta wuce ta bar mu da hayaƙi. Na saci kallonsa, ƙafarsa tana danne da totur har ƙasa.

Mai hatsi ya zagaya ta, ya hau bayanta ya yi tsalle a kan katakon, ya ji daram. Na riƙe numfashi, don an zo wurin da muka saba lalacewa. Ya dubi surukina.

"Malam, an ce mini da can aljana ce. Yanzu fa, tana gudu?"

"Kamar kowace mota, Alhaji."

Wata biyu ina neman jin wannan magana daga bakinsa, da na ji ta kuwa sai na ji kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Aka taya, aka sallama. Mai hatsi ya ce yana neman direba ma, in surukina yana so ya ci gaba da jan ta, da albashi. Ya yi godiya, ya ce yana da gona.

Washegari na zaɓar masa bijimai biyu a kara, mafi kyau da na taɓa zaɓar wa wani, ban karɓi la'adar kowa ba. Kwana uku bayan haka ruwa ya sauka, suka yi huɗa a kan lokaci. Na je dubawa na hango shi a bayan garma, shanun suna tafiyarsu ɗaya-ɗaya, bulala na hannunsa bai ɗaga ta ba. Na yi sallama, na ce ya ɗan taɓa su mana, rana na yi.

Ya ce, "Bar su, Yaya. Ina za mu?"