Haƙorin Alade a Kwalin Ashana

Ni ne da laifi a maganar haƙorin nan, kuma na yi shekara uku ina barin mutane suna ɗora wa wani.

Shekaru kaɗan bayan yaƙin basasa, ina aikin wanke kwalabe da share ɗakin kimiyya a wata sakandare kusa da Kafanchan. Karatuna aji bakwai ne. Aka kawo mana sabon malamin kimiyya, ɗan garin Madakiya, wanda na san ubansa da fartanya a kafaɗa. Shi kuwa ya dawo daga jami'a da taye a wuya da wata irin sha'awa: haƙoran birai da suka mutu tun kafin kakannin kakanninmu.

Masu haƙar kuza ke kawo masa su. Kowane haƙori yana da kwalin ashanarsa, da sunan ramin da aka samo shi. Yakan kira ni, ya miƙo gilashin ƙara girman abu.

"Baba, duba wannan turmi, haƙorin tauna. Ka ga tudu huɗu, biyu-biyu a haɗe kamar kunyoyin gona? Biri ne. Daga tsayin tudun za ka san ko ganye yake ci ko 'ya'yan itace, har ka san danginsa."

"Malam, na san danginsa," in ji ni. "Su suka cinye mini masara bara."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Haushinsa nake ji. Mu muna korar biri da gwafa, shi gwamnati na ajiye shi a gida mai silin don ya leƙa bakin gawarsa.

Wata ranar kasuwar aladu na samo kan tsohon alade, muka ci a gida, na cire turmi ɗaya. Na goge shi da magagari, na jiƙa shi a ruwan bagaruwa, na binne a laka mako biyu. Ya fito baƙi wuluk kamar ya ga Nuhu da idonsa. Na kai masa, na ce surukina ya tono shi a ramin kuza.

Ya daɗe yana juya shi.

"Ƙananan tudun sun yi yawa, Baba. Ban taɓa ganin biri haka ba. Ka tabbata daga rami ya fito?"

A nan ya kamata in fashe da dariya a wuce wurin. Amma ni mai karɓar baiko ne, wato kuɗin sadaka, a majami'a, kowa ya san ba na ƙarya. Na dafa ƙirji na ce, "Tsakanina da Allah."

Ya gaskata ni, ya ƙaryata idonsa. Ya yi mako yana zane da awo, ya sanar wa malamai cewa wataƙila sabon irin biri ne. Shugaban makaranta, wanda bai san turmi daga fiƙa ba, ya faɗa wa ɗalibai a taron safe cewa sunanmu zai shiga littafi. Malam ya hau jirgin ƙasa zuwa Jos wurin wani masani. Mutumin, in ji labari, ya duba sau ɗaya ya tambaye shi ko naman ya yi daɗi.

Kafin ya dawo ya sauka a tasha, sunansa ya zama Malam Alade. Ɗalibai suna gurnani in ya juya ga allo. Takardar da ke shirin mayar da shi jami'a ƙarin karatu ta kwanta a tebur, ba ta sake tashi ba. Bai taɓa ambaton sunana ba. Kullum sai ya gaishe ni, ni kuma in amsa da murya irin ta mutumin kirki.

Bayan shekara uku, ranar wata Lahadi ta Jibin Ubangiji a majami'a, aka ba ni farantin gurasa mai tsarki in zaga. Na iso layinsa, ya ɗago kai ya dube ni kawai. Na miƙa masa gurasar, na ƙudurta yau zan faɗi gaskiya.

Bayan an tashi daga majami'a na same shi gindin mangwaro, a gaban dattawa da shugaban makaranta. Ina ambaton haƙorin ya katse ni.

"Tun a jirgin dawowa daga Jos na gane," in ji shi. "Sawun magagarinka yana nan a jikin haƙorin. Ko aikin ma ba ka iya ba, Baba."

Na cire hula.

"Malam, aladen nawa ne, rantsuwar ma tawa ce. Idonka ya faɗa maka gaskiya, ni na hana ka ji. Sunan da suke kiran ka da shi, ni ya dace da shi. Ka gafarta mini."