Ɗorawar Gwaggo

Ina Selly Oak a Ingila ina karatu, a gidan da muke haya mu biyar, Yayana ya turo mini wani fom ta waya. Wata ƙungiya ce ta zo garinmu taimakon masu daji: za ta ba da dashe, ta kewaye wuri da waya, ta haƙa rijiya. Mu kuwa muna da ɗan kurmi na gado a bayan gari. Tunda ni ne mai Turancin gidan, cikawar ta faɗo kaina.

A cikin bas a Bristol Road na karanta sharuɗɗan. Ƙasar da ta lalace kaɗai suke taimaka wa, kuma sai da hoto. Na kira Yaya, ina ji da kaina kamar wani lauya.

"Yaya, priority ɗinsu filin da ya zama fako ne. Namu ya yi duhu da yawa, da wuya su ɗauka."

"To, na ji," ya ce.

Na san Yaya sarai, ba a faɗa masa magana sau biyu. Na kuma san abin da ke cikin kurmin. A wajenmu ƙasa daban, itace daban. Ƙasar ta Baba ce, amma ɗorawa bakwai da ke tsakiya Kaka ya ba Gwaggo, ƙanwar Baba, tun tana budurwa. Da kalwarsu take daddawa, da daddawar ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Fom ɗin gurbi ɗaya gare shi, na mai ƙasa. Na rubuta sunan Yaya, tunda shi ke riƙe da ƙasar Baba, na wuce. Ba mantawa na yi da Gwaggo ba, gani na yi ba a tambaye ni ba.

Bayan sati uku hoton ya iso, ina fitowa daga Juma'a a Sparkbrook. Fili fetal, an sare komai, an binne kututtura da ƙasa. A gefe ana hango buhunan gawayi a jere. Na tsaya a bakin Stratford Road cikin yayyafi. Sannan na yanke gefen hoton da buhunan suke, na tura wa ƙungiyar. Wannan da hannuna na yi, har yau ina jin kunyarsa.

Aka ɗauke mu. Aka dasa itacen turare layi-layi, wanda ko akuya ba ta ci.

Da Sallah na kira gida, aka ba Gwaggo wayar. Muka gaisa, ta tambayi sanyi.

"Ɗan nan, an ce kai ka karanta takardar. A ciki aka ce a sare nawa?"

"A'a, Gwaggo, ba a ce ba."

"To wa ya ce?"

Ta jira ni, har na ji numfashinta.

"Allah ya ba da sa'ar karatu," ta ce, ta miƙa wa na kusa da ita wayar.