Waken da Na Ci a Tsakar Kasuwa

Kafin in zama abin da na zama, ni mutum ne mai yawo. An haife ni a wani ƙauye kusa da Filinge, na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara biyar, sannan ƙafa ta ɗauke ni. Na yi dako a Kwatano, na yi dillancin goro a Kumasi, na bi manyan motoci har Agadas. Duk inda na sauka sai na kwashi harshen mutanen wurin: Zabarmanci, Faransanci, Fillanci. Na dawo ƙasarmu Kurfai da furfura, ba dukiya sai baki. A wurinmu kuwa, wanda ya ga duniya ana sauraronsa ko da ba shi da akuya.

A kasuwar Baleyara wani mutum ya same ni. Wakilin wani kamfani ne mai shigo da maganin ƙwari cikin ƙananan kwalabe. Na feshin gonar auduga ne, amma mutanenmu sun gano in an zuba shi a buhun wake, ƙwaro ba ya taɓa shi har bazara, lokacin da wake ke daraja. Malaman gona da ma'aikatan likita sun tashi tsaye suna gargaɗi cewa guba ce, masana sun auna sun tabbatar tana shiga ƙwayar wake, wanki ba ya fitar da ita. Ciniki ya fara mutuwa.

Wakilin ya ce, "Baba, ba talla nake so ka yi ba, masu talla muna da su. Kai dai ka sa mutane su daina tabbata."

Na ce ban gane ba.

"Kada ka ce ƙarya suke. Ka ce su masanan ma kansu bai haɗu ba. Ka tambaya wa ke biyansu. Sauran kuwa, mutane za su ƙarasa da kansu."

Na ga masu sayar da magani a tashar Kumasi suna yabon kayansu har muryarsu ta dishe. Na ga na Kwatano suna zagin kayan abokan hamayya. Ban taɓa ganin wanda zai biya mutum don ya yi tambaya kawai ba. Na ce a raina, tambaya ai ba zunubi ba ce. Na karɓi waya sabuwa da abin cefane.

Da kiran gidan rediyo na fara. Daga nan na shiga tura saƙon murya: yau ni tsohon manomi ne da Hausa, gobe ɗan kasuwa da Zabarmanci, jibi wani mai ilimi yana jefa Faransanci. Mutum ya ji magana ɗaya daga baki uku, ya ɗauka shaidu uku ne. Wata rana a motar Yamai wani ya kunna mini muryata, ya ce in saurari gaskiya.

Wakilin ya ce bai isa ba, sai ido ya gani. Ni na kawo dabarar, ba shi ba. Na san mutanena: Bakurfe ba ya yarda da takarda, amma in ka ci abu a gabansa ka gama rantsuwa. Ranar kasuwar Filinge sai in auno wake a ƙwarya, in buɗe kwalba in tsiyaya a kai kowa na kallo, in ba mai abinci ta dafa da kanwa. Kafin azahar in zauna in cinye, in sha ruwa, in yi gyatsa. Ruwan rijiya ne cikin kwalbar. Kananzir kaɗan nake shafa wa murfin don wari.

Akwai wani malamin gona, Mushe Sani, wato Malam Sani a bakin 'yan lakwal, saurayi mai haƙuri. Ya zo da buhu mai leda a ciki, yana nuna yadda ake ɗaure shi ƙwaro ya mutu don rashin iska, ba sai da magani ba. Ya roƙe ni in ba shi kwalbata a kai a auna. Na ɗaga buhunsa sama na ce, "Jama'a, kun ga hajarsa. Kowa da abin da ya kawo kasuwa." Aka yi ta dariya. Ya naɗe buhunsa ya tafi, bai sake tsayawa kasuwar nan ba.

Cikin masu dariyar har da taubashina Idi, ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Ya ce, "Kai bawana, cikin nan naka ko tsakuwa anka zuba mishi narkewa takai. Ni dai gaya mini, in zuba ko in bari?"

Na so in ja shi gefe. Amma mutane sun kewaye mu, wakilin yana tsaye bakin rumfa. Na ce, "Matsoraci, tun kana ƙarami kaza ke korarka. Ba ga ni ba da raina?"

Ya sayi kwalba biyu.

Bayan wata biyu iyalinsa suka dafa waken da ya zuba wa maganin da rana. Idi yana daji neman ɓatacciyar saniya. Kafin la'asar matarsa Hadiza da 'ya'yansu mata biyu suna amai, yawu na zuba, jiki na rawa. Maƙwabta suka ce kada a kai su gidan likita, don sun ji a wani saƙo cewa ma'aikatan can na ɗora wa maganin kowace cuta don a ƙwace wa talaka wakensa. Ni na yi saƙon, da muryar mai ilimi. Aka tsaya jiƙe-jiƙe. Da aka ɗora su a amalanke, Hadiza da ƙaramar ba su kai ba.

Jandarmomi suka bi sawun kwalbar. Wakilin ya tsallaka iyaka, lambarsa ta daina shiga. Kamfanin ya ce bai san ni ba, kuma a jikin kwalba an rubuta da Faransanci cewa ba a zuba wa abinci. Ni da na iya karanta shi, ni aka kama. A gaban alƙali na faɗi komai, har ruwan rijiyar. Na yi shekara uku a gidan kaso. Ba zafin ɗakin ya fi damuna ba. Duk ranar da aka dafa mana wake sai in tashi in yi ta zagaya fili, ba na iya zama.

Da aka sake ni na tafi gidan Idi na durƙusa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Allah shi yahe muna baki ɗai." Ya kawo ruwa ya koma ciki. Shi ke nan abin da ya rage tsakaninmu.

Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Amma tuba ba ta kwashe abin da na watsa. Kwalbar ta dawo da sabon suna, saƙonnina suna nan suna yawo a wayoyi. Yanzu ba na zama gida. Baleyara, Filinge, Sanam, duk inda kasuwa ke ci ina can, ina bayyana yadda na yi da murfi da kananzir. Wasu na ajiye kwalbar. A Sanam wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ashe a kaso ma ana sayen mutum. Nawa gwamnati ta ba ka?" Ya sa kwalbarsa a aljihu ya hau jakinsa. Na bi shi har bakin gari ina magana, bai waiwayo ba.

Ku matasa, ku ne waya ke hannunku. Wata rana wani mai fara'a zai ce ba ƙarya za ku yi ba, shakka kawai za ku tayar. Ku tambaye shi me ya sa shi bai yi da bakinsa ba. In malamin gona ko na likita ya ce abu guba ne, ku kai a auna, kada ku duba cikin wani tsoho. In kuma saƙon wani mai ilimi ya iso muku yana cewa masana ba su tabbatar ba, kada ku tura wa kowa. Ni ne. Ku goge.