Ƙwan jimina a darasin Ingilishi

Koyar da sunayen dabbobi shi ne darasi mafi tsufa a duniya, kuma duk wanda ya tsaya gaban allo yana gaya wa yara yadda ake kiran akuya da wani harshe, wannan babban gado ne ya ci, ko da ba wanda ya taɓa zuwa yi masa murna. Ku matasan malamai da ke tambayata yadda ake fuskantar ansifekta, ga labarin ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na shiga aji da ƙwan jimina a cikin jakata.

A lokacin ina ɗan kwantiragi, ina koyar da Ingilishi a wata kolej, wato makarantar sakandare, ta unguwar Dagmanet. Ga wanda ba ya cikin sana'ar, ɗan kwantiragi malami ne da gwamnati ke aiki da shi amma ba ta ɗauke shi nata ba tukuna. Kafin ya samu matirikil, wato lambar cikakken ma'aikaci, sai ansifekta ya zo ya zauna a bayan aji ya ga darasinsa daga farko har ƙarshe. In ya gamsu, takardunka su wuce Yamai. In bai gamsu ba, sai baɗi. Ni kuwa na riga na ga baɗi da yawa sun zo sun wuce ba su gaishe ni ba.

Ƙa'idar da ansifektocin Ingilishi suka fi riƙewa ita ce, daga shigar malami har fitarsa, kada a ji Faransanci ko Hausa a cikin ajin. Ba a fassara. In kana son yaro ya gane kalma, ka nuna masa abin, ko ka zana shi, ko ka kwaikwaye shi da jikinka. Na taɓa ganin abokin aiki mai furfura yana rarrafe tsakanin tebura saboda kunkuru.

Darasin da ya faɗo kaina shi ne kalmomin zoology, wato ilimin dabbobi. Yawancinsu ba su tayar mini da hankali ba. Mammal dabba ce mai shayarwa, kuma akuyar maigadi kullum tana bakin taga da ƴaƴanta. Reptile masu jan ciki ne, bangon ajinmu kuwa bai taɓa rasa ƙadangare ba. Habitat shi ne inda dabba ta saba zama, wannan alli ya isa. Sai kalma guda, extinct, dabbar da irinta ya ƙare ƙaf, babu saura. Na yi kwanaki ina juya ta. Yaya mutum zai nuna abin da babu shi?

Mai gidan da nake haya, Hajiya Gaisha, tana da ƙwan jimina a saman jeren kwanoninta. Marigayi mijinta madugu ne na ayarin gishirin Fachi, shi ya tsinto shi a hanya tun suna amarci. Na san jimina ba ta ƙare a duniya ba, har a ƙasarmu akwai kaɗan da ake kiwo cikin shinge, amma a dajinmu na Ayar ba mai sake ganinta. Wannan ya ishe ni. Na je na durƙusa na gaishe ta, na faɗi buƙatata. Mushe take kirana, yadda ake kiran malamin boko a nan.

"Mushe, mi za ka yi da ƙwan Alhaji? Soyawa?"

"A'a Hajiya, yara zan nuna wa, su ga abin da babu shi yanzu."

"To ga shi kuwa akwai shi."

"Uwar ce babu."

Ta daɗe tana duban ƙwan. "Uwar kam ta yi nisa," ta ce. Ta sauko da shi, ta naɗe shi da tsohon zanenta. "Kai dai in ka fasa mini shi, ka nemi wani gidan haya tun kafin ka iso ƙofa."

Ansifektan da aka turo dogon dattijo ne siriri, da rawani da tabarau, ɗan asalin Dabaga. An san shi a duk jihar da cewa ya iya Ingilishi fiye da masu shi, kuma ba a taɓa samun shaidar da ta ga haƙoransa ba. Ya shigo da hantsi, ya zauna a bencin ƙarshe, ya kwance agogonsa ya ajiye gabansa.

Komai ya tafi daidai. Akuya ta yi aikinta. Ƙadangare ma ya fito a kan lokaci, har yana gyaɗa kai kamar ya yarda da sunan da na ba shi. Sai na rubuta kalmar ƙarshe a allo, na kwance zanen Hajiya, na ɗaga ƙwan.

Idanu duk suka koma kansa. Yaran birni ne, mafi yawansu ba su taɓa ganin ƙwan da ya wuce na zabuwa ba. Na zana tsuntsuwa mai dogon wuya, na nuna arewa ta taga, na buɗe hannuwana biyu babu komai. Wata ɗaliba, Mariyama, ta ɗaga hannu ta tambaya da ɗan Ingilishinta ina uwar take. Na amsa da Ingilishi cewa ta tafi. Ta ce yaushe za ta dawo. Na sake nuna kalmar da ke allo.

Na miƙa ƙwan ya zaga. Kowa ya karɓa da hannu biyu, ya shafa, wasu su kai kunne, har ya isa bencin ƙarshe. Wanda ke zaune can ya waiga bai ga kowa ba sai ansifekta, sai ya miƙa masa.

Dattijon ya karɓa. Ya cire tabarau. Ya juya ƙwan a tafin hannunsa, sannan ya yi magana a hankali, kamar da ƙwan yake yi, kuma da Hausa.

"Na gan su," ya ce. "Ina yaro, muna kai wa mahaifina raƙuma ƙetaren kwari, bayan lambunan Dabaga. Da rana tsaka ƙasa kan yi kawalwalniya, sai ka hango su can nesa suna tafe a saman ruwan da babu shi, ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa."

Yaran duk suka juya wajensa. Ya faɗi yadda namijin yake baƙi wuluk da fararen fukafukai, wuyansa ya yi ja in lokacin neman mace ya zo. Ya faɗi yadda mata da yawa ke zuba ƙwai a rami guda cikin yashi, mace ta kwanta a kai da rana, namiji ya karɓe ta da yamma. Ya ce da asuba namijin kan yi wani gurnani daga cikin maƙogwaro, wanda bai sani ba sai ya rantse zaki ne, sai ya rufe baki ya yi mana gurnanin. Ba wanda ya yi dariya. Ni da ke tsaye da alli, sai na ga bangon bayan aji ya ja da baya, ga aduwa da goruba tsaye jefi-jefi, ga tsuntsaye suna tsinkar guna, suna ɗaga kai suna dubanmu ba tsoro. Har ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa na ji, alhali ba damina ba ce.

"Daga baya motoci suka zo, da bindigogi, ga fari," ya ce. "Wata shekara muka je ba mu gan su ba. Muka ce sun yi gaba ne. Har yau cewa muke sun yi gaba."

Mariyama ta dubi allo, ta karanta kalmar a hankali ita kaɗai. Aka buga ƙarfen tashi, ba wanda ya motsa.

Bisa tsari, bayan darasi ansifekta kan gana da malami a biron direkta, wato ofishin shugaban makaranta, ya gaya masa abin da ya gani. Na shiga da ƙwan a rungume, zuciyata fes. Ya riga ya mayar da tabaransa.

"Bon, Mushe. Allonka tsaf, muryarka ta isa bayan aji. Yaran nan kuma ba za su manta da kalmar ba har su tsufa." Ya gyara zama. "Sai dai an yi Hausa a ajinka, kusan rabin darasi."

"Ranka ya daɗe, ai..."

"Na san wanda ya yi. Ƙa'ida ba ta tambayi wanda ya yi ba. Aji naka ne, duk wanda ya buɗe baki da harshen gida, kai za ka tsayar da shi."

"Kai zan tsayar, ranka ya daɗe?"

"Da ka tsayar da ni, da ka wuce." Ya dubi ƙwan, ya kau da kai. "Da kuma ban yafe maka ba har abada. Ka gaida mai shi."

Abin da na koya a ranar shi ne, akwai kalmomin da allo ba ya iya ɗauka, sai an samu wanda ya gani da idonsa ya tsaya musu shaida, kuma mutum da harshen da ya yi ƙuruciya da shi yake ba da shaida. Na kuma koyi cewa mutanen sana'armu na iya kai ka har bayan Dabaga ka ga abin da ya ɓace, su dawo da kai, su cika aikinsu ba sani ba sabo. Ban taɓa jin haushinsa ba, ko kuma na ji na mako guda.

Matirikil ɗina ya fito a shekarar da ta biyo, a hannun wani ansifektan, da darasin ranakun mako.