Ranar da Auta ta zama dokta ina cikin takaba

Shekarun baya kaɗan, cikin damina, na yi wata wauta da har yau ake tsokanata da ita a gidanmu. Ni ban yi boko ba. Surukata, matar babban ɗana, ita ke rubuta abin da nake faɗi, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Autata mace ce. Tun tana ƙarama a ƙauyenmu na kusa da 'Yankuzo, in jirgi ya gifta sai ta saki abin da ke hannunta ta bi shi da ido har ya ɓace. Babanta, Allah ya jiƙansa, shi ya tsaya mata. Ta yi makaranta a Tsafe, ta yi a Gusau, ta wuce jami'a, daga nan aka ɗauke ta zuwa ƙasar Turawa karatun tauraron ɗan'adam. Na taɓa tambayarta me take yi masa. Ta ce, "Inna, kin ga yadda Baba ke hana shanun huɗa kauce wa layi? To aikina ke nan, sai dai nawa ƙarfe ne, kuma yana can sama da gajimare." Malam, mai gidana, ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe duk wannan tafiyar huɗa aka je koyo, da ta zauna gida ya koya mata kyauta.

Saura mako uku ta tsaya gaban manyan malamanta ta kare aikinta na shekara biyar, a ba ta digirin dokta, Allah ya karɓi Malam. Kwana huɗu kawai ya yi a asibiti a Gusau. Shekara arba'in da 'yan kai muna tare. 

Ranar sadakar uku ƙaninsa, wanda yara ke kira Baffa, ya tara mu ya ce, "Kada wanda ya gaya wa yarinyar nan. In ta ji, jirgi za ta hau ta baro komai, kuma zuwanta ba zai tashe shi ba. A bari ta gama." Aka bi dangi gida-gida ana gargaɗin masu manyan wayoyi. In ta kira ta nemi babanta, mu ce yana gona. Gobe mu ce ya tafi kasuwar Tsafe. Har ta ce, "Inna, Baba ya zama ɗan yawo da tsufansa." Na yi mata dariya, na ajiye waya na kifa kai a gwiwa.

Sai ga sabuwar magana. Makarantarsu ta yarda iyaye su kalli zaman ta hoton waya, kuma Auta ta ce tana son ganin fuskata kafin ta shiga. Nan hankalina ya tashi. Mai takaba ba kwalli, ba lalle, ba turare. 'Yan kunnena na azurfa ma, waɗanda Malam ya sayo mini a kasuwar Gusau shekarar aurenmu, ban taɓa cire su ba ko wurin haihuwa, sai ranar da aka fita da shi. Matar Baffa ta ce, "Yaya, ki ɗan zizara kwalli mana, na yini ɗaya ne." Na ce a'a, wannan ba tsakanina da ke ba ne. Surukata ta kawo dabara: in saka babban hijabi, in zauna cikin inuwar rumfa, ita ta riƙe wayar daga nesa. Malam kuwa a ce ya je gaisuwa Karakkai, gulbi ya kawo ya tsare shi.

Ranar, tun kafin azahar tsakar gidanmu ya cika da mata. Ba ta'aziyya ta kawo su ba, ɗiyar garinsu suka zo gani. Wayar ta yi ƙara, sai ga Auta fes da ita, cikin baƙar kwat da farin mayafi. Mata suka ɗauki surutu, kowa na miƙo gaisuwa. Ina ganin bakinta na motsi amma ba na jin komai, don kunnena ya yi nauyi. Ban san sa'ad da na fizge wayar ba, na janye hijabi, na manna ta a kunne kamar yadda na saba. Surukata ta mintsine ni. "Inna, hoto ne, ba a sa shi a kunne." Ta karɓe, na gyara hijabi.

Auta ta ƙura mini ido. Sannan ta ce, "Inna, ki yi mini addu'a." Ko babanta ba ta tambaya ba. Ni kuwa, da wayona na tsohuwa, har na dubi matar Baffa na ce mun tsira.

Aka fara. Malamai huɗu ne a zaune, har da wata tsohuwa mai tabarau a kan ƙarshen hanci, da wani mai sanƙo da ba ya murmushi. Auta ta nuna hoton duniya, ƙwallo guda, da wani siririn zare ya zagaye ta. Ko kalma ɗaya ba mu gane ba, amma ba wadda ta motsa. Maƙwabciyata ta ce, "Wannan mai sanƙon ba ya son ɗiyarmu, ku dubi yadda yake hararar takarda." Duk tambayar da ya jefo, Auta ta goya hannu a baya ta amsa. In ya gyaɗa kai sai mata su ce, "Ya fara saukowa." Sallar la'asar ma bi da bi muka yi ta, don kada wayar ta rasa mai gadi.

Can sai muka ga an ce ta fita. Gida ya rikice. "Korarta suka yi?" Surukata ta ce shawara za su yi, mu kwantar da hankali. Wa ya ga hankali. Da aka dawo da ita, malaman duk suka miƙe tsaye, mai sanƙon nan ya yi wata 'yar magana, ya washe baki, suka kama tafi. Surukata ta juyo idonta jawur ta ce, "Inna, ta zama dokta."

Guɗa ta ɓarke a gidan da ya yi mako uku bai ji dariya ba. Baffa ya leƙo daga zaure da niyyar tsawata mana, sai ya ɓige da tambaya, "Ta ci?" Aka ce ta ci. Ya juya da sauri, takalmi ɗaya a ƙafa, ya nufi masallaci da labari. Ni ina dariya, hawaye na zuba, mata na rungume ni ta ko'ina.

Ba a jima ba ta sake kira, ta ce Inna kaɗai take so. Na shiga ɗaki.

"Inna, kwana nawa ke nan?"

Na ce na me.

"Na ga kunnenki. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa ganinsa haka ba."

Na zauna bakin gado. Na ce, "Yau ashirin da ɗaya." Sannan na ce, "Auta, da wannan a ranki kika tsaya gaban mutanen nan tun azahar?"

Ta ce, "Kun sha wahalar ɓoyewa don in gama, Inna. In na fasa, na zubar muku da ita." Daga nan ta saki kukan da ta riƙe, na taya ta, har aka kira magariba.

Ta iso gida kafin sadakar arba'in. Baffa har gobe yana cewa daidai muka yi. Ita ba ta taɓa cewa mun yi daidai ko mun yi kuskure ba, ni ma ban tambaye ta ba. Muna can muna ganin yarinya ce da ba za ta iya ɗaukar mutuwar uba ba, ashe ta ɗauka, ta haɗa da namu nauyin, ta kuma amsa tambayoyin mai sanƙo. In na tuna ranar, daɗin da zafin tare suke zuwa mini, na daina ƙoƙarin raba su.

Bara likita ya ce sai an yi mini aiki a idon hagu. Baffa ya ce kada a tayar wa yarinya hankali tana nesa. Na ce wa surukata ta miƙo mini waya, Auta zan fara gaya wa.